Masu Jan Azurfa Ta Zama Zare

Duk wanda ya shiga rumfar maƙerin fari da niyyar sayen abin wuya, maganar nauyi za a fara yi kafin maganar kyau. Haka abin yake a Agadas, haka yake a Damagaram, haka kuma a lungunan Kasuwar Kurmi ta Kano. Mai saye za ta ɗaga sarƙa, ta jujjuya ta a tafin hannu, ta ce, "Malam, giram nawa ce?" Shi kuma ya jawo ɗan sikelinsa ya ɗora. Abin da sikelin ya nuna, a kansa za a yi ciniki, ko da wuni guda aikin ya ci, ko da kwana uku.

Wannan al'ada tana da dalili, kuma dalilin mai ƙarfi ne. A wurin iyayenmu da kakanninmu azurfa ajiya ce kafin ta zama ado. Munduwar da ke hannun mace ita ce asusunta. In fari ya zo, ko ciwo, ko auren 'ya, sai ta cire ta kai wa maƙeri ya auna ya ba ta kuɗi. Mai saye a ranar buƙata ba ya biyan kuɗin zane, don narkarwa zai yi. Saboda haka mace mai lissafi takan zuba kuɗinta a nauyi. Sai dai akwai reshen sana'ar da wannan lissafi ya fi cuta, wato aikin waya da duwatsu: 'yan kunne, sarƙoƙi, warwaro, zobban murɗe, da abin wuyan da ake jera duwatsu a tsakanin ƙananan zobban azurfa ko na jan ƙarfe. A duk aikin maƙera shi ya fi cin lokaci, shi kuma ya fi rashin nauyi.

Ƙira a ƙasar Hausa gida biyu ce. Maƙeran baƙi su ne masu fartanya da garma da lauje da wuƙa. Maƙeran fari kuwa azurfa da tagulla da jan ƙarfe suke taɓawa, da zinariya in ta samu, kuma abokan cinikinsu mata ne da masu sarauta da masu ƙawata dawaki. A yau in ana neman inda aikin azurfa na hannu ya fi tsayawa da ƙafafunsa, Agadas za a nufa, garin da ke gindin duwatsun Abzin, wanda Hausa ce harshen kasuwarsa da na gidajensa da yawa. Maƙeran Abzinawa, waɗanda ake kira inadan, gadon gida suke yi. Ɗa yana koyo wurin uba ko kawu, kuma galibi a junansu suke aure. Namiji yana da ƙarfe da itace, mace tana da fata. Maƙerarsu kakaf tana shiga jaka ɗaya: 'yar uwar maƙera da ake kafawa a ƙasa, zuga-zugin fatar akuya, guduma biyu ko uku, awartaki, magagari, da 'yan ƙarafan zane. A zaune suke aiki a ƙasa, yatsun ƙafa suna riƙe abin da hannu biyu suka kasa. Abzinawa mutanen azurfa ne tun asali, sun fi son ta a kan zinariya, suna ganin ta ƙarfe mai albarka.

Ƙarfen kansa yana shan tafiya kafin ya iso maƙera. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya sauka a Takadda, garin da masu binciken kufai da yawa ke ganin shi ne Azelik, arewa maso yamma da Agadas. Ya tarar ana haƙo jan ƙarfe a bayan gari, ana narkar da shi a cikin gidaje, ana zuba shi sanda-sanda, tsawon kowace taƙi ɗaya da rabi. Masu kauri 400 ake bayarwa a miskalin zinariya ɗaya, sirara kuwa 600 ko 700. Da su ake ciniki: sirara a sayi nama da itacen wuta, masu kauri a sayi gero da alkama da man shanu, har da bayi. Ya kuma faɗa cewa daga nan ake kai jan ƙarfen Gobir da Barno. Bayan kusan shekara 500, sa'ad da matafiyi Heinrich Barth ya bi ta Agadas a 1850 ya iso Kano a 1851, hanyar ta sauya. Tsohon jan ƙarfe da tutiya daga Tarabulus ake lodo su a kan raƙuma, wani kuma fatake ke ɗauko shi ta Wadai daga mahaƙar Hufratun Nahas da ke kudancin Darfur.

Azurfa kuwa a matsayin kuɗi ta fi shigowa. Babban abin narkin maƙeran dā shi ne riyalin azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya. Ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka ci gaba da bugawa bayan nan, shekarar 1780 ɗin ce a jikinsa. Nauyinsa giram 28, kashi 83 cikin 100 azurfa ce, saura jan ƙarfe. Maƙeri ya san abin da ke cikinsa ba sai ya gwada ba, mai kawo aiki ma ta sani, don haka ba gardama. Daga baya aka samu tsabar faran 5 ta Faransa mai giram 25, da sulallan Afirka ta Yamma da Ingila ta fara bugawa da azurfa a 1913, kafin tsadar azurfa ta sa a koma buga su da tagulla daga 1920. Da yawa daga cikin waɗannan tsabobi a hannun mata da kunnensu suka ƙare.

Jan waya daga narki yake farawa. Zallar azurfa tana narkewa a digiri 962, jan ƙarfe a 1,085, gaurayen da ake kira 925, wato kashi 92.5 azurfa da 7.5 jan ƙarfe, shi kuma wajen 890. Ana gaurayawa ne saboda zallar azurfa ta cika laushi, zoben da aka yi da ita ba ya jimawa zai lanƙwashe. Da gawayi mai ƙarfi irin na ƙirya, da yaro mai zuga wanda hannunsa ba ya sanyi, wutar takan kai. Maƙeri ya zuba ƙarfen a ɗan kaskon yumɓu, ya barbaɗa garin boraks don ya tattare datti, ya jira har ruwan ya dunƙule yana juyi yana sheƙi. Sai ya tsiyaye shi a wani siririn kwarmin ƙarfe da aka shafa wa mai, ya fito 'yar sanda.

Daga nan sai guduma. Ya bugi sandar gefe huɗu yana juyawa, tana ƙara tsawo tana rage kauri. A nan ɗan koyo yake fara sanin halin abin da ke hannunsa. Azurfa da jan ƙarfe, duk bugun da aka yi musu tauri suke ƙarawa. In aka ci gaba ba hutu, sandar za ta tsage a baki, kuma tsagar da ta shiga ba ta fita, sai dai a sake narki. Maganin shi ne a mayar da ita wuta, a gasa ta har ta yi ja mai duhu, sannan a tsoma a ruwa, laushinta ya dawo. Ƙarfen wuƙa in an tsoma shi a ruwa da zafinsa tauri yake yi, jan ƙarfe kuwa da laushinsa yake fita. Wannan jan mai duhu ba a ganinsa sosai sai a inuwa, shi ya sa maƙeran fari suke son rumfa mai ɗan duhu. A tsakar rana launin ba ya nunawa, kafin ka ankara aikin wuni ya narke.

In sandar ta kai sirantar da guduma ba za ta iya daidaitawa ba, sai a ɗauko ƙarfen ja. Wani falle ne na ƙarfe mai tauri da aka huhhuda a jere, kowane huji ya ɗan fi na gaba da shi faɗi, kuma kowane ya fi buɗewa ta baya, ya tsuke ta gaba. A goge bakin sandar da magagari ya yi tsini, a shafe ta da kakin zuma, a zura ta hujin farko, a kama tsinin da awartaki, a tokare fallen da ƙafafu biyu, a ja da ƙarfin baya. Ta fito ta ɗan sirance, ta ƙara tsawo. A koma huji na gaba. Wanda ya taɓa ganin ana murza taliya a inji, ana matse bakin injin kaɗan-kaɗan, ya ga rabin abin. Bambancin shi ne ƙullun taliya ba ya tauri don an murza shi, waya kuwa bayan huji uku ko huɗu sai ta ƙi, in aka matsa mata ta tsinke. Dole a naɗe ta tamau, kada a bar baki ɗaya a sake, a mayar da ita wuta, don bakin da ya fito waje shi wuta za ta fara ci. Jan kansa ma yana da ladabi. Numfashi ɗaya ake yi masa, ba fizga, ba tsayawa a tsakiya, domin duk inda aka tsaya sai wurin ya bar alama a jikin wayar.

Lissafin yana da ban mamaki. Duk sa'ad da kaurin waya ya ragu da rabi, tsawonta yana ninkawa sau huɗu. Riyalin nan guda mai giram 28, in aka ja shi har ya kai kaurin rabin milimita, zai ba da waya kusan mita 14. Kowane taƙi na wannan tsawo ya ratsa huji bayan huji, ya shiga wuta ya fita ba sau ɗaya ba, kuma har yanzu ba a fara yin abin ado ba, zaren aiki kawai aka samu. Gaskiya ne wasu maƙeran yanzu suna da injin murza ƙarfe na hannu, wasu kuma suna sayen waya a naɗe. Amma mai narka tsohuwar azurfar da aka kawo masa, ko mai neman kaurin da babu a kasuwa, ba shi da makawa sai ƙarfen ja.

Sarƙa kuwa, waya ake naɗewa a jikin ƙusa, naɗi kusa da naɗi, a zare ƙusar, a yanka naɗin a tsaye da siririn zarto, ƙananan zobba su zubo. Siririyar sarƙar wuya ɗaya tana cin irin waɗannan fiye da 100, kuma sarƙar kirki kowane zobe sai an liƙe bakinsa. Sinadarin liƙin azurfa ce da aka gauraya da tagulla don ta riga aikin narkewa. A yanka shi mitsi-mitsi, a ɗora ƙwaya ɗaya a bakin zoben tare da boraks, a kai masa harshen wuta, ko ta bututun da ake hurawa da baki ko ta 'yar wutar gas. Tsakanin narkewar sinadarin da narkewar zoben kansa tazarar kaɗan ce. In an yi gaggawar ɗauke wuta liƙin bai kama ba, in an yi jinkiri zoben ya dunƙule. Wannan dunƙulewar ma an mayar da ita ado: a yanka guntayen waya daidai wa daida, a jera su a kan gawayi, a hura musu wuta, kowane ya tattare kansa ya zama 'yar ƙwaya mulmulalliya, da su ake ƙawata bakin 'yan kunne da kan zobe. Murɗe shi ne mafi sauƙi kuma mafi ɗaukar ido. A ɗaure waya biyu a ƙusa a murɗa su tare, in ɗaya azurfa ce ɗaya jan ƙarfe sai fari da ja su riƙa bin juna, in kuma aka ɗan daddale su da guduma sai su zama kitso. Bayan an gama, aikin baƙi ƙirin yake fitowa daga wuta. Sai an dafa shi a ruwan lemun tsami ko tsamiya ko alif, an cuɗa da toka ko lallausan yashi, an goge, sannan haskensa ya bayyana.

Dutse shi ne ɗaya rabin adon, kuma shi ma baƙo ne mai dogon tarihi. Murjani daga Bahar Rum yake zuwa ta hanyar Tarabulus. Jan dutsen nan mai sheƙi da Larabawa ke kira aƙiƙ, a Khambhat ta ƙasar Indiya aka daɗe ana sassaƙa shi, kafin masu sassaƙa na Idar-Oberstein a Jamus su shiga kasuwar a ƙarni na 19 su riƙa yin irin siffofin da mutanen Sahara ke so. Duwatsun gilashi masu zane daga Benis ta Italiya da Bohemiya suke fitowa. Na gida ma ba a bar mu a baya ba. Masaga na Bida suna narka kwalabe su naɗe ruwan gilashin a jikin sandar ƙarfe, kuma a 2021 UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen da suka shahara da sana'ar hannu. Ilori ta yi suna da lantana, jan dutsen da ake hudawa da hannu. Kurobo na Ghana suna daka gilashi ya zama gari, su zuba a 'yan kwarmin yumɓu, su tsayar da tsinken rogo a tsakiya, in ya ƙone a wuta ya bar huji. Fataken Hausawa kuma suna cikin manyan dillalan tsofaffin duwatsu a kasuwannin Ghana. Yau dai mafi yawan ƙananan duwatsun da ke kasuwa daga Sin da Indiya ake kawo su, a leda, a awo.

A gidajen maƙeran Agadas, mata suna da hannu sosai a jera duwatsu. Abin wuyan nan mai kusurwa huɗu da duniya ta sani da sunan garin, wanda ake zubawa ta hanyar siffanta shi da kakin zuma a lulluɓe da yumɓu, a kan igiyar ƙananan baƙaƙen duwatsu da 'yan bututun azurfa yake rataya. Jerin ba wasa ba ne. Hagu da dama dole su yi daidai a ƙirga da nauyi, in ba haka ba abin wuyan zai riƙa karkacewa a ƙirji. Kuma a nan waya ta fi zare. Bakin hujin dutsen gilashi yana da kaifi, a hankali yake cin zare, ranar da ya tsinke kuwa duka duwatsun za su watse a tsakar biki. Mai aikin waya kowane dutse yake ba guntun wayarsa, ya lanƙwasa ido a wannan baki, ya lanƙwasa a wancan, ya naɗe ragowar a wuyan idon sau biyu ko uku, ya sarƙa shi da na gaba. In ya karye, a wuri ɗaya zai karye, a gyara wurin a ci gaba da sawa.

Wannan irin sarƙawa ba ta buƙatar wuta ko kaɗan, kuma ita ce ƙofar da ta buɗe wa waɗanda ba su gaji ƙira ba. A Kano da Kaduna da Maraɗi da Yamai akwai mata da 'yan mata da ke zaune a ɗakunansu da filaya mai mulmulallen baki, da mai faɗin baki, da ta yanka, suna haɗa 'yan kunne da abin hannu da jigida, suna tallata su a WhatsApp da Instagram. Jan ƙarfe ne abokin tafiyarsu, saboda yana da laushi, yana da araha, kuskure a kansa ba ya sa kuka. Wayar lantarki ta gaske kusan zallar jan ƙarfe ce, kashi 99.9 cikin 100, haka ma koyil ɗin tsohuwar fanka ko janareta da ake samu wurin 'yan gwangwan. Abu uku ne mai saye zai kula da su. Akwai wayar da alminiyam ce a ciki aka yi mata rigar jan ƙarfe, ana gane ta da rashin nauyi da farin da ke bakinta in an yanka. Akwai ta sata, wadda aka yanko daga layin wutar unguwa, kuma mai neman albarka a sana'arsa ba ya taɓa ta. Sai robar da ke jikin waya, wadda fere ta ya kamata a yi da wuƙa, don hayaƙinta in an ƙona yana cutar da ƙirji, balle a cikin gida da yara.

Ana yawan kushe jan ƙarfe da cewa yana sa fata ta yi kore. Yana yi, musamman da zafi, saboda gumi yana taɓa shi. Koren ba ciwo ba ne, sabulu yana fitar da shi, kuma lemun tsami da gishiri suna dawo wa ƙarfen da jansa cikin minti kaɗan. Azurfa ita ma tana baƙi in ta haɗu da farar wutar da ke cikin iska da hayaƙi, gogewa kawai take so. Abin tsoro yana wani wuri dabam. Akwai wani farin ƙarfe da ake kira azurfar Jamus, wanda babu ko ɗigon azurfa a cikinsa, jan ƙarfe ne da tutiya da nikel. A ido yana wucewa, maganaɗisu ba ya kama shi, kuma hatimin 925 ba ya hana ƙarya tunda kowa yana iya sayen ƙarfen buga shi. Nikel ɗin nan shi ne ke sa kunnen mata da yawa ƙaiƙayi da ruwa, har Tarayyar Turai ta kafa masa doka a 1994 a kan kayan da ke taɓa fata. Gwajin da ke raba gardama shi ne a ɗan kankare wani ɓoyayyen wuri a ɗiga ruwan asid na gwaji. Amma mace nawa ce ke zuwa kasuwa da asid? Shi ya sa sana'ar a kan amana take tsaye, shi ya sa kuma maƙeran Agadas da yawa suke zana sunansu da rubutun Tifinag a bayan aikinsu. Wanda ya sa sunansa ya yarda a dawo masa.

Kasuwar ta sha juyi. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobin makiyayan da su ne iyayen gidan maƙera na asali, sai maƙeran suka juya ga 'yan yawon buɗe ido da ke zuwa kallon Abzin da Tenere. Aikinsu ya yi nisa. Kamfanin Hermès na Faransa ya sayar da kan bel na azurfa da maƙeran Abzinawa na Nijar suka zana da hannu, kuma tsakanin 2006 da 2008 an yi babban nunin ayyukan Abzinawa a gidajen tarihi na Los Angeles da Stanford da Washington a Amurka. Sai tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, suka ɗauke ƙafar baƙi. Ko shigar tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013 bai dawo da su yadda suke ba. Maƙera suka bazu, wasu a rumfunan Gidan Tarihi na Boubou Hama da ƙauyen masu sana'a na Wadata a Yamai, wasu suna bin baje kolin SIAO na Wagadugu, wanda ake yi duk shekara biyu tun 1988, wasu a Abuja da Legas. Ga farashin azurfa ba ya zama wuri ɗaya. A 2011 oza ɗaya, wato giram 31, ta kusa dalar Amurka 50, a Maris na 2020 ta faɗo wajen dala 12, a 2024 ta haye 30. Mai ɗan ƙaramin jari in ya sayar da aiki yau, ba lallai kuɗin ya sake saya masa ƙarfen da ya yi aikin da shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kasuwar gida. Baƙon da ya zo daga Turai yakan tambayi wa ya yi, yaya aka yi, ya biya a kan haka. Mu kuwa mun rabu biyu. Mai hali ta tafi gwal, marar hali ta tafi fashan na kamfani, wanda ke sheƙi wata uku ya koɗe. Iyayenmu sun ce araha ba ta ado, amma akwatunan lefe cike suke da ita. Wadda ta tsaya wurin maƙerin fari kuma, in ya faɗi kuɗin 'yan kunnen da ba su wuce giram 4 ba, sai ta lissafa kuɗin giram 4 ta ga kamar cuta ce. Ya ce, "Hajiya, albarka, ki duba aikin." Ta ce, "Malam, ai ba nauyi." Kowannensu yana da gaskiyarsa. Abin da ke biyo baya shi ne maƙeri ya daina jan waya, ya koma zubi mai kauri wanda zai gama da wuri ya kuma cika sikeli, ko ya sayi sarƙar inji ya rataya aikinsa a jiki. A ganina hanyar fita tana nan a kasuwar gwal, inda aka saba raba kuɗin ƙarfe da kuɗin ƙira. In maƙerin azurfa ya faɗi lamba biyu a fili, mai saye za ta san nawa ne ajiyarta, nawa ne ladan hannu, ta daina zargi. Matan da ke aikin jan ƙarfe a gida sun riga sun nuna cewa ana iya sayar da aikin hannu tsurarsa, tunda ƙarfen da ke cikin kayansu kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma ana saye.

Koyo kuwa ba ya gajarta. Yaro da zuga yake farawa, yana kallon launin wuta. Sai a ba shi goge-goge da wanke aiki. Sai jan ƙarfe, don in ya ƙona asarar kaɗan ce. Azurfa sai hannunsa ya zauna, liƙin sarƙa kuwa sai daga ƙarshe. Lanƙwasa ido da murɗe ana iya ɗaukarsu daga bidiyo a waya, kuma da yawa sun ɗauka. Sanin lokacin da za a ɗauke wuta ne ke buƙatar zama kusa da mai yi shekara da shekaru. Waɗannan shekaru su ne na samartaka, kuma tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, motoci suke kwasar samarin yankin zuwa haƙa. Ɗan maƙeri ma saurayi ne, yana ganin abin da sa'o'insa ke dawowa da shi.

A halin yanzu tsofaffin ayyuka da yawa suna kwance a ƙasan akwatuna da kwalla, wasu sun tsinke, wasu sun yi baƙi, kuma duk sa'ad da azurfa ta yi tsada sai a kwashi wasu a kai narki. Wadda ta gaji irin wannan sarƙa ta karye mata, ta nemi maƙerin fari, zai ja waya daidai kaurin tsohuwar ya maye zoben da ya lalace. Kada ta kai wa mai gyaran rediyo ya ɗiga mata dalmarsa. Liƙin zai kama a ranar, amma duk sa'ad da aka sake kai wurin ga wuta, dalmar za ta ci cikin azurfar ta rarake ta, sai an yanke gurbin gaba ɗaya kafin a iya wani gyara.